Ibrahim Narambaɗa da Waƙarsa ta Bakandamiya

1.0 Asalinsa

An haifi Ibrahim Narambaɗa a garin Tubali na ƙasar Isa, wajejen ƙarshen ƙarni na 19. Sunan mahaifinsa Maidangwale. Ibrahim ya sami kiɗa ne ta wajen dangin mahaifiyarsa, kuma da kiɗan noma ya fara, yana zuga manoma a gonaki, kafin ya koma kiɗan fada. Ana danganta laƙabinsa da wata karya da ya taɓa mallaka mai suna Rambaɗa.

2.0 Zamansa a Fada

Narambaɗa ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu, kuma shi ne ubangidan da ya fi yi wa waƙa har ƙarshen rayuwarsa. Abin kiɗansa kotso ne, karin harshensa kuwa na Yamma ne, wanda ba baƙo ba ne ga kunnen mutanen Birnin Kebbi da Argungu. Daga cikin waƙoƙinsa da suka shahara akwai Dokin Iska Ɗanfilinge da Bakandamiya. Ya rasu a farkon shekarun 1960.

3.0 Sigar Bakandamiya

Babban turken wannan waƙa yabon sarki ne, amma makaɗin ya gina shi da tubalan yabon kai da zuga da habaici ga abokan sana'a, har sunan waƙar ya zama lafazin da Hausawa ke kiran fitaccen aikin kowane mawaƙi da shi. Ƙarfinta yana ga yadda ake rera ta. Jagora yakan ɗauko ɗa, 'yan amshi su karɓe shi su yi masa ƙari, sannan a koma ga gindin waƙa. Kotso kuma, da yake makaɗi na iya sauya amonsa da hannu, yana bin hawa da saukar muryar Hausa, ya riƙe raujin ba tare da ya danne kalmomi ba.

Kwatanci da wata al'ada zai ƙara fito da wannan. A waƙoƙin Jamusanci na ƙarni na 19, irin waɗanda Franz Schubert (1797-1828) ya tsara, marubuci daban ne, mai sa kiɗa daban, mai rerawa daban. Misali, a 1815 Schubert ya ɗauki rubutacciyar waƙar Goethe mai suna Erlkönig ya sa mata kiɗan fiyano. Shi kuwa Narambaɗa shi ne mai tsara kalmomi da rauji, shi ne kuma mai rerawa, ba tare da takarda ba.

4.0 Kammalawa

Saboda haka matanin Bakandamiya da ke cikin littafi ɓangare ne kawai na waƙar. Malamin da ya koyar da ita daga takarda kaɗai ya hana ɗalibansa amshi da rauji da amon kotso. Wajibi ne a saurari muryar makaɗin a aji kafin a shiga nazarin turke da salo.