John Wesley Da Ƙuri'ar Matalauci

Da ya ke lokacin zaɓe ya yi, mun ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wani bawan Allah wanda ya san talauci, ya kuma san irin jarabar da zaɓe ya kan kawo. Sunansa John Wesley.

An haife shi cikin shekara ta 1703 a Epworth, ƙasar Ingila. Ubansa fasto ne, mai 'ya'ya da yawa da bashi da yawa. A 1705 aka yi zaɓe, uban ya goyi bayan sashe ɗaya, mutanen ɗaya sashen kuwa suka husata ƙwarai. Ba a daɗe ba wani mai binsa bashi ya sa aka kulle shi a kurkukun Lincoln, a kan kuɗin da bai kai fam 30 ba. Sa'an nan John yana da shekara 2.

Ya yi karatu a Oxford, ya zama mai wa'azi, amma bai sami tabbacin ceto ba sai ran 24 ga Mayu 1738, a wani taron masu bi cikin Landan. Tun daga 1739 ya shiga wa'azi a fili ga masu haƙar kwal na Kingswood, kusa da birnin Bristol, mutanen da ba wanda ya kula da su. Kansa ya fara koya wa ƙin son kuɗi. Sa'ad da samunsa ya ke fam 30 a shekara, ya ci 28, ya bayar da 2. Da ya kai fam 120, ya ci 28 ɗin nan dai, ya bayar da 92.

A zamanin nan ba kowa ke da ƙuri'a ba, ba a kuwa jefa ta a ɓoye. Mutum ya kan faɗi wanda ya ke so a gaban jama'a, saboda haka masu neman kujera su kan saye mutane da kuɗi da abinci da giya. Wesley ya koya wa masu bi cewa wannan zunubi ne. A 1747 ya je St Ives, garin masunta da masu haƙar kuza, ya tambayi 'yan'uwa masu ƙuri'a ɗaya ɗaya. Ya iske ba wanda ya yarda ya ci ko ya sha daga aljihun wanda zai zaɓa. An ba wani fam 5 da sule 5, nan da nan ya mayar. Wani kuma ya ji uwarsa ta karɓi fam 3 da sule 3 a ɓoye, bai huta ba sai da ya karɓa ya aika wa masu shi.

Ran 6 ga Oktoba 1774 ya tara masu ƙuri'a na jama'arsa a Bristol, ya gargaɗe su da abu uku. Su zaɓi wanda su ke gani ya fi cancanta ba tare da karɓar lada ba. Kada su ɓata sunan wanda ba su zaɓa ba. Kada kuma su riƙe waɗanda suka zaɓi wani dabam a zuci.

Amma Wesley ya sani da wuya mayunwaci ya ƙi kuɗi. Domin wannan bai tsaya ga gargaɗi kaɗai ba. A 1746 ya buɗe wurin ba da magani kyauta a Landan, ya kuma kafa asusun ba masu ƙananan sana'a rance. Cikin Janairu 1785, yana da shekara 81, ya yi kwana 5 yana yawo a titunan Landan cikin ƙanƙara, har ya roƙo fam 200 domin a tufasar da matalauta. Ya rasu ran 2 ga Maris 1791. Matalauta 6 suka ɗauki gawarsa, aka ba kowannensu fam 1, kamar yadda ya yi wasiyya.

'Yan'uwa, mun tuna Isuwa ya sayar da gādonsa saboda abincin yini ɗaya, daga baya ya yi kuka. Haka wanda ya sayar da ƙuri'arsa: kuɗin ya kan ƙare kafin mako, wanda ya saye shi kuwa ya zauna bisa kansa shekaru. Amma kafin mu tsauta wa gwauruwar da ta karɓi mudun gishiri, bari dattawan ekklesiya su tambayi kansu ko sun taɓa kai mata mudun dawa. Mu ciyar da mabukatanmu, mu zaɓa da tsoron Allah, ran Lahadi kuwa mu zauna a benci ɗaya da wanda ya zaɓi wani dabam. Ubangiji ya taimake mu. Amin.