Pestalozzi, Uban Marayu

A tsakiyar Turai akwai wata ƙasa mai yawan duwatsu da tafkuna, sunanta Suwizalan. A can ne, a birnin Zurik, aka haifi Johann Heinrich Pestalozzi cikin shekarar 1746. Ubansa likita ne, amma ya rasu tun yaron yana shekara biyar. Uwarsa da wata baranya mai amana su suka rene shi cikin rashi. In ya je ƙauye wurin kakansa, yakan ga 'ya'yan talakawa suna kaɗin auduga tun safe har dare. Waɗanda suka sami zuwa makaranta kuwa, sai tsawa da bulala, ba mai bayyana musu ma'anar abin da suke karantawa. Abin nan ya tsaya masa a rai.

Da ya girma ya yi aure, sai ya sayi gona, amma noma bai karɓe shi ba. Cikin 1774 ya tara yara matalauta a gonar, yana ci da su, yana koya musu kaɗi da saƙa da karatu da lissafi. Kuɗinsa suka ƙare ƙaf, ya rufe wurin cikin 1780. Mutane suka yi ta yi masa dariya, suna ganin wanda ya kasa riƙe kansa ba zai iya riƙe 'ya'yan wasu ba.

Ana nan, cikin 1798, sojojin Faransa suka auka wa wani gari da ake kira Stans, suka kashe mutane da yawa, aka bar marayu barjat. Gwamnati ta aika da Pestalozzi ya kula da su, yana da shekara 52. Yara wajen 80 suka taru hannunsa, ga tsumma, ga ƙazuwa, ga ƙwarƙwata. Ba shi da mataimaki sai mace guda mai aikin gida. Abin da suka ci shi ya ci, inda suka kwana nan ya kwana. Wanda ya yi ciwo, shi ke jinyarsa. Wanda ya gane karatu kuwa, sai ya sa shi ya koya wa na ƙasa da shi.

Wata rana labari ya zo gobara ta cinye wani gari kusa da su. Ya tara yaran, ya tambaye su ko sun yarda a karɓi yara ashirin daga can. Bai ɓoye musu kome ba, ya gaya musu abincinsu zai ragu, aiki kuma zai ƙaru. Duk da haka suka yarda. Nan ya tabbata yaron da aka ji ƙansa shi ma zai ji ƙan wani. Amma cikin watan Yuni 1799 aka karɓe gidan, aka mai da shi asibitin soja.

Bai fid da rai ba. Ya koyar a Burgdorf, sa'an nan cikin 1805 ya kafa makarantarsa da ta fi suna a garin Yverdon. A can ana koyon ƙidaya da tsakuwa da wake kafin a rubuta lamba. In za a koyi labarin ƙasa, sai yara su fita su duba kwarin da ke kusa, su ɗebo yumɓu, su komo su gina siffarsa, daga baya a nuna musu taswira. Ra'ayinsa shi ne a tarbiyyantar da abu uku tare, wato kai da zuciya da hannu, makaranta kuma ta zama kamar gida. Yara na kiransa Baba.

Baƙi suka riƙa zuwa daga ƙasashe dabam dabam. Gwamnatin Furushiya, a ƙasar Jamus, ta aiko da samari su koyi aikin malanta. Wani Bajamushe, Froebel, ya zauna wurinsa shekara biyu, daga baya ya kafa makarantar ƙananan yara inda ake koyo ta hanyar wasa. Charles Mayo ya kai hanyar Ingila, Joseph Neef kuma ya kai ta Amurka.

Daga ƙarshe jayayya ta shiga tsakanin malamansa, har aka rufe makarantar cikin 1825. Ya koma tsohuwar gonarsa, ya rasu cikin 1827, yana da shekara 81.

To, kun ga, makarantun da ya kafa ba wadda ta ɗore a hannunsa, amma irin da ya shuka ya tsiro a ƙasashen da bai taɓa takawa ba. Ran da malaminku ya ce ku ɗebo tsakuwa ku yi lissafi, ko ya sa babba ya taimaki ƙarami, ku tuna da tsohon nan na Suwizalan.