Wallace Sabine: Malamin da Ya Gano Maganin Amsa-kuwwa

Duk wanda ya taɓa zama a kujerun baya na wata babbar majami'a a Jimeta ko Yola ya san wannan damuwa. Mai wa'azi yana ɗaga murya, lasifika tana aiki, amma kalmomi suna hawan juna, har dattijo mai nauyin kunne ya koma gida bai tsinci kome ba. Mutumin da ya fara auna wannan matsala, ya kuma gano maganinta, shi ne Wallace Clement Sabine.

An haife shi ran 13 ga Yuni, 1868, a garin Richwood cikin Jihar Ohio ta Amurka. Ya gama jami'ar jiharsu a 1886 yana ɗan shekara 18, sa'an nan ya wuce Jami'ar Harvard, inda ya zama malamin fiziks.

A 1895 Harvard ta buɗe sabon ginin Fogg, mai babban ɗakin lacca. Ɗakin ya ƙayatar da ido, amma bai amfani kunne ba, gama kalma ɗaya takan yi fiye da daƙiƙa 5 tana yawo kafin ta ɓace. Aka danƙa gyaran a hannun Sabine, matashi wanda bai taɓa yin suna a sanin sauti ba.

Da yake rana akwai hayaniya, sai ya mai da dare lokacin aikinsa. Kayan aikinsa su ne bututun ogan da ake hura wa iska, agogon auna daƙiƙa, da kunnensa. Shi da mataimakansa sukan kwaso ɗaruruwan kushin na kujeru daga zauren Sanders, wani ɗakin taro na jami'ar, su shimfiɗa, su auna tsawon lokacin da ƙara take ɗauka kafin ta mutu, su mayar da su kafin gari ya waye. Haka ya yi ta yi wajen shekara 3.

A 1898 haƙurinsa ya biya. Ya gano cewa yawan girman ɗaki, yawan daɗewar amsa-kuwwa. Yawan abubuwa masu laushi a ciki kuwa, saurin mutuwarta. Bango mai tauri yana mayar da sauti, abu mai laushi yana shanye shi, buɗaɗɗiyar taga kuma tana fitar da shi gaba ɗaya. Jikin mutum ɗaya ma yana shanye sauti kamar kushin 6. Da aka manna mayafi mai kauri na gashin dabba a bangayen ɗakin Fogg, sai ɗalibai suka fara jin malamansu.

Da wannan lissafi aka tsara zauren kiɗa na Symphony Hall a Boston, wanda aka buɗe a 1900, har yau kuwa ana lissafa shi cikin mafi daɗin sauti a duniya. Daga baya Sabine ya haɗa kai da magini Rafael Guastavino suka ƙera tubali mai shanye sauti, aka yi amfani da shi a majami'ar St. Thomas ta New York. Ya yi hidima a Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rasu ran 10 ga Janairu, 1919, yana da shekara 50. Ma'aunin shanye sauti, wato sabin, sunansa ya ci.

Mai karatu, dubi yadda muke gini a yau: bangon siminti, daɓen tayil, rufin kwano mai tsawo. Duka waɗannan masu mayar da sauti ne, shi ya sa ƙara ƙarfin lasifika ba ya rage amsa-kuwwa. Abin da ke taimako shi ne labule mai kauri a bangon baya, darduma a hanyar tsakiya, kujeru masu kushin, silin mai laushi, da buɗe tagogi. Sai dai kada a wuce gona da iri: magana tana son amsa-kuwwar kusan daƙiƙa 1, kiɗa da waƙa kuwa kusan 2.

Kafin kwamitin gini ya sayi wata sabuwar lasifika, bari wani ya tsaya a tsakiyar ɗakin sa'ad da ba kowa, ya tafa hannu sau ɗaya, ya saurara. Daga irin wannan sauraro Sabine ya fara.