Gregor Mendel: Malamin da Ya Faɗi Jarrabawa Sau Biyu

An haifi Johann Mendel a watan Yuli na 1822, a wani ƙauye na daular Ostiriya da yanzu yake cikin Jamhuriyar Cek. Iyayensa talakawa ne manoma, har sai da ƙanwarsa Theresia ta ba da rabonta na kuɗin aure domin ya ci gaba da karatu. A 1843 ya shiga gidan 'yan zuhudu na birnin Brno, inda aka ba shi suna Gregor. A 1847 aka naɗa shi firist.

Mendel yana ƙaunar koyarwa, amma sau biyu, a 1850 da 1856, ya kasa samun takardar shaidar malanta. Bai karaya ba. Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka waken Turawa kusan 28,000 a lambun gidansu, yana neman sanin yadda 'ya'ya suke gadon kamannin iyaye.

Ku dubi yadda ya shirya aikinsa. Shekara biyu ya yi yana gwada iri 34, sa'an nan ya zaɓi 22 waɗanda ba sa canzawa. Siffofi bakwai kaɗai ya bi, kamar tsayin shuka da launin ƙwaya. Da hannunsa yake haɗa furanni, ya kuma kāre su daga ƙwari. Da ya haɗa mai santsi da mai yamushi, 'ya'yan duka suka fito da santsi. Amma a jikoki ya ƙirga 5,474 masu santsi da 1,850 masu yamushi, wato kusan uku bisa ɗaya. Ashe siffar ɓoyewa ta yi, ba ɓacewa ba.

Ya bayyana sakamakon a 1865, aka buga a 1866, amma masana ba su kula ba. Ya zama shugaban gidan a 1868, ya rasu ranar 6 ga Janairu 1884. Sai a 1900 aka gane darajar aikinsa. A 2022 masanan ƙasarsa suka sanar cewa sun karanta jerin DNA ɗinsa daga ƙasusuwansa.

Masu injunan karanta ƙwayoyin halitta ma ƙa'idarsa suke bi: a tabbatar da samfuri, a maimaita gwaji, a ƙirga da gaskiya. Ɗalibai, faɗuwa jarrabawa ba ƙarshen mutum ba ne. Mahaƙurci mawadaci.