Nana Asma'u, Uwar 'Yan Taru

Bismillahi. Ku sani, ya 'yan'uwa, an haifi Nana Asma'u ɗiyar Shehu Usmanu a Degel, shekara ta 1793. Ta yi talifi da Larabci da Fillanci da Hausa, har da littafin magani, Tabshirul Ikhwan.

Amma babban aikinta ga matan ƙauye ta yi shi, waɗanda makaranta ba ta kai gare su. Ta zaɓi dattijan mata, ta aza masu malfa, ta kira kowace jaji. Fatake sun san jaji, mai shige wa ayari gaba. Su ka tahowa Sakkwato a ƙasa da 'yan mata, su ɗauki karatu, su koma su karantar.

Ta rasu 1864, anka rufe ta Hubbare, kusa da Shehu. Ƙanwarta Maryam ta riƙe aikin. Allah shi jiƙan su.