Sarkin Musulmi Bello da Taswirar Kogin Kwara

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifinsa shi ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ya yi karatu wurin mahaifinsa da wurin baffansa Abdullahi, har ya zama babban malami tun yana saurayi. Da aka fara jihadi a 1804, yana cikin manyan masu jan runduna. Shi ya gina birnin Sakkwato a 1809, kuma da Shehu ya rasu a 1817, aka naɗa shi Sarkin Musulmi.

Bello mutum ne mai son sanin labarin ƙasa. A cikin littafinsa Infaƙul Maisuri ya ba da labarin Barno da Ahir da ƙasashen Hausa, har ya ambaci Amina ta Zazzau da yaƙe-yaƙenta.

A zamaninsa akwai wani abu da ya dami masanan Turai, watau ina Kogin Kwara ya nufa. Kogin nan yana da ban mamaki. Mafarinsa yana duwatsun Gini, kamar mil 150 kaɗai daga teku. Amma maimakon ya gangara tekun, sai ya ba ta baya, ya nufi hamada har kusa da Tambutu. Daga nan ya karkato kudu maso gabas, har ya kai teku, bayan tafiyar wajen mil 2,600 tun daga mafarinsa. Don haka waɗansu suka ce a hamada yake ƙafewa, waɗansu suka ce da Kogin Nilu na Masar yake haɗuwa.

A 1824 wani Bature, Kyaftin Clapperton, wanda ake kira Abdullahi, ya iso Sakkwato. Bello ya karɓe shi da karamci, suka yi ta zance a kan taurari da littattafai da ciniki. Da baƙon ya yi tambaya a kan Kwara, Bello ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi, ya nuna masa cewa teku yake faɗawa. Amma taswirar da aka ba shi a takarda daga baya, sai ta nuna kogin ya miƙe gabas zuwa Masar! An buga wannan taswira a Ingila a 1826.

Me ya kawo wannan saɓani? Waɗansu masana suna ganin mai zanen ya bi maganar littattafan Larabawa na dā ne. Waɗansu kuwa suna ganin da gangan aka yi, gama wanda ya san bakin kogi ya san ƙofar shiga ƙasa. Bello ya riga ya ji yadda Ingilishi suka mallaki Indiya, kuma tsaron ƙasarsa amana ce a wuyansa.

Clapperton ya sake dawowa, ya biyo ta Zariya a 1826, ya rasu kusa da Sakkwato a 1827. A 1830 baransa Richard Lander da ƙanensa John suka bi kogin cikin kwalekwale daga wajen Busa har teku. Daga nan gardama ta ƙare. Cikin shekaru kaɗan jiragen ruwan Turawa suka fara hawowa Kwara.

Bello ya rasu a 1837 a Wurno, can kabarinsa yake. Ya yi shekara ashirin yana sarauta, ya bar littattafai masu yawa.

Yau kowane ɗan makaranta yana iya bin hanyar ruwan nan da yatsa a taswira. Ruwan Kubanni da ke wucewa ta Samaru yana shiga Galma, Galma ta kai shi Kogin Kaduna, Kaduna ta zuba a Kwara, Kwara kuma ya kai shi teku.

Tambayoyi
1. Wane birni Bello ya gina?
2. Ina mafarin Kogin Kwara?
3. Don me taswira take da muhimmanci ga tsaron ƙasa?