Joseph-Armand Bombardier: Makanikin da ya buɗe hanya a kan ƙanƙara

An haifi Joseph-Armand Bombardier a ƙauyen Valcourt na lardin Kebek, ƙasar Kanada, a 1907. A can dusar ƙanƙara kan toshe hanyoyi da hunturu, kamar yadda rairayi ke riƙe mota a karkarar Machina. A 1934 ɗansa mai shekara biyu ya rasu, domin ƙanƙara ta hana a kai shi asibiti. Wannan rashi ya ƙara masa himma, har a 1937 ya fitar da mota mai ɗaukar mutum bakwai, mai tafiya bisa sarƙa, wadda likitocin karkara suka yi maraba da ita. A 1959 ya fito da Ski-Doo, babur ɗin ƙanƙara da masu shaƙatawa ke hawa a tsaunuka har yau. Ya rasu a 1964.